Ranar Da Ruwan Fusae Ya Kwanta

Notsu Fusae ta yi shekara arba'in tana dafa wake a bayan shagon alawa na Moriwaki, a nan Matsue, kafin wani mai saye ya san sunanta. Shekara ashirin da biyu daga ciki ina gefenta. Ni ke sauke buhu, ni ke wanke tukwane, ni ke kai akwatunan alawa gidajen mutane a kan babur. Sunana Kadowaki, ita kuwa Kado take ce mini, kuma duk sanda ta kira sunan to akwai abu mai nauyi da za a ɗaga.

'Yar mai ƙona gawayi ce daga can cikin duwatsu. Tana da shekara goma sha shida aka sa ta a jirgin ƙasa da ƙullin kaya ɗaya, aka ce ta je birni ta ci da kanta. Ta auri wani masunci na tafkin Shinji, ya mutu ya bar ta da 'ya ɗaya, ta rene ta har ta kai ta ɗakin miji a Hiroshima. Wannan duk a gutsure na ji shi, cikin shekaru, don ba ta ba da labari. Abin da take so a duniya biyu ne: miyar safe mai zafi, da sauraron kokawar sumo a rediyo. Idan ɗan kokawarta ya faɗi, ranar tukwane sukan sha duka.

Hannunta daga wuyan hannu zuwa gwiwa duk tabo ne. Kwaɓin wake idan ya yi kauri yakan yi tsalle daga tukunya, kuma ba ya tambayar wanda zai sauka a kansa.

Aikinta jan wake. Ta jiƙa, ta dafa, ta tace ɓawon, ta zuba laushin a manyan bahunan katako, ta cika su da ruwan rijiyar tsakar gida. Sai ta jira laushin ya nutse, ta tsiyaye ruwan sama, ta sake cikawa, sau uku ko huɗu. Abin da ya rage a ƙasa shi ake tuƙawa da sukari, shi ne cikin kusan kowace alawa da muke sayarwa.

Gaba da labule akwai teburin Maigida, tsoho Moriwaki. A nan ake fitar da siffa: fure, ganye, kifi, wata. Mace ba ta taɓa wannan tebur. Haka muka tarar, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Kuma duk alawar da za a kai zaman shan shayi na al'ada sai an raɗa mata suna kamar jariri. Maigida ke rubuta shi da alkalamin gashi a 'yar takarda, ya ɗora a cikin akwati. Sunan dole ya dace da kwanakin da ake ciki, kuskuren mako ɗaya ma abin kunya ne.

Ni ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Jiya wake da sukari ne, yau ma wake da sukari ne. Amma masu shayi na garin nan sun yarda cewa babu mai hancin Maigida wajen jin juyawar lokaci, musamman a ƙarshen bazara, inda kowa ke tuntuɓe. Kwanakin nan zafi yana nan daram, amma an riga an daina kiransa da sunansa. Maigida bai taɓa riga su ba, bai taɓa makara ba.

Bazarar 1994 ta zo da zafin da har yau ake maganarsa. A ƙarshen Yuli Maigida ya faɗi a bakin teburinsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Ɗansa Shinsuke ya baro aikin ofis a Osaka ya dawo, yana da shekara arba'in da uku. Ya koyi sana'ar yana saurayi kuma hannunsa bai manta ba. Matsalarsa ita ce ya yi shekara ashirin a ɗaki mai na'urar sanyi, inda Janairu da Agusta duk ɗaya ne.

Ranar goma sha ɗaya ga Agusta ya ba ni akwati in kai wa Malama Aoto. Malama ce mai koyar da zaman shayi, shekararta saba'in da takwas, kuma ɗalibanta da ɗaliban ɗalibanta su ne fiye da rabin masu saye a wurinmu. Abin da ke cikin akwatin kyakkyawa ne: kanten, wato daskararren ruwan ciyawar teku, garau kamar gilashi, da ɗan jan kifi na alawa yana iyo a tsakiya. Ya haɗa da katin gaisuwa.

Ta durƙusa a bakin ƙofa ta buɗe. Ta karanta katin, ta dubi kifin, ta mayar da murfi a hankali.

"Kadowaki-san, yau nawa ga wata?"

"Goma sha ɗaya, Malama."

"To bazara ta wuce, kaka ta kwana uku a gidan nan. Ku can ba ta iso muku ba?"

Gumi na ɗiga daga haɓata yana sauka a kan dutsen ƙofarta. Na ce, "A hanya dai ban gamu da ita ba, Malama."

Ba ta yi dariya ba. Ta juyo mini da katin. Shinsuke ya rubuta shochu, gaisuwar tsakiyar zafi. Daga takwas ga wata, ranar da kalanda ta ce kaka ta shigo, zansho ake rubutawa, wato ragowar zafi, ko da kwalta na narkewa a titi. Mai sayar da kati a bakin tasha ma ya san wannan. Kifin kuma na Yuli ne.

Ta ce, "Zan yi shayin safe ranar ashirin da huɗu. Baƙi biyar. Saboda mahaifinsa zan jira zuwa ranar. Idan irin wannan ne zai sake zuwa, ka ce masa kada ya wahalar da babur. Shagon ƙetaren gada sun daɗe suna aiko mini da gaisuwa, kuma su sun san nawa ga wata."

Na ɗaure akwatin a bayan babur na koma da shi. Kowa a shagon ya san abin da hakan ke nufi. Idan Malama ta ƙetare gada, ɗalibanta za su bi ta a jere. 'Yan wucewa ba za su riƙe shago ba. Allon sunan Moriwaki da ya yi shekara tamanin a saman ƙofa zai sauko, tsohon yana kwance a asibiti da idonsa biyu.

Shinsuke ya fita ya sayo littafin kalmomin lokaci, mai kauri kamar bulo. Ya kwana biyu a kansa. Rana ta uku ya fitar da jan ganye, irin wanda ke zuba a kaka, ya ajiye a faranti yana kallo. Fusae ta zo wucewa da bokiti, ta tsaya.

"Shin-chan, wannan ganyen a ina ya faɗo?"

Ita kaɗai ke kiransa haka. Ita ta share masa majina yana ƙarami.

"Inna Fusae, ai kaka aka ce."

"Ka sa shi a firji. Nuwamba sai ka ciro."

Ya yi siffar cikakken farin wata, ta ce saura wata guda. Ya yi furen kaka, ta ce wannan ko toho bai yi ba. Da yamma ya zauna a kan buhun sukari da littafin a cinya, ya ce da ni, "Kado-san, dubi nan. Shafi bayan shafi, duk na 'yan kwanakin nan ne. Ga higurashi, ƙwaron da ke kuka da yamma. Ga sanyin farko. Ga iskar farko. Duk daidai ne, duk kuma za su iya zama kuskure. Baba ta yaya yake zaɓa?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya ce, kaina bai sani ba. Bayana ne ya tuna. Kowace shekara akwai safiyar da ake ce mini in kwashe kwanonin gilashi da mazubin siffar kifi in hau da su ɗakin sama, matakala goma sha huɗu, in sauko da kwanonin ƙasa. Sau ashirin da biyu na yi wannan hawa. Da na tsaya na yi tunani, sai na ga kowace irin wannan safiya abu ɗaya ke fara faruwa. Fusae tana sunkuye a kan baho takan ce, ba tare da ta ɗago ba, "Maigida, ruwa ya kwanta." Shi kuma sai ya ci gaba da aikinsa. Sai can ya ce, "Kado, gilashi."

Na gaya wa Shinsuke haka. Ya dube ni, ya buɗe littafin, ya yi ta juya shafi. Sai yatsansa ya tsaya. Ya tashi ya ɗaga labule, na bi shi.

"Inna Fusae, kin san maganarki tana cikin littafi?"

"Wace magana?"

"Ruwa ya kwanta. Ga ta nan, mizu sumu. Kalmar kaka ce."

"Wa ya kai ta can?"

"Tun zamanin mutanen da can take nan."

"To su ma wake suke wankewa ke nan."

Ta ci gaba da aikinta. Shi kuwa fuskarsa ta washe, karo na farko tun dawowarsa. Ya ce shi ke nan an samu suna, saura siffa.

Ta ce, "Ba a samu ba. Bai kwanta ba."

Ta nuna masa baho. Laushin wake ya nutse, amma ruwan sama yana da duhu-duhu kamar an ɗiga masa madara. Ta ce muddin dare bai huce ba haka yake yi, kuma idan ka bar shi ya daɗe sai ya yi tsami, dole ka yi ta canzawa da sauri. Akwai safiyar da za ka zo ka tarar ya yi garau har kana ganin jijiyar katako a ƙasan bango. Kafin wannan safiya ba ta faɗa.

"Inna, Malama ba za ta leƙa bahonki ba."

"Ni zan leƙa."

"In ashirin da huɗu ta zo bai kwanta ba fa?"

"Sai ka kai mata ganyenka na firji."

Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya tuna mata cewa allon da ke ƙofa shi ke ciyar da mu duka. Ta saurare shi tana tsiyaye ruwa. Da ya gama ta ce masa ya matsa yana tare mata haske.

Sai maganar siffa. Ya kawo shawarar kogi da duwatsu da ciyawa a gefe. Ta ce wannan hoton kalanda ne. Ya ce to ita me za ta yi.

"Ni ban iya kifi ba, ban iya ganye ba. Baho na iya."

Abin da take nufi shi ne a ɗauki alawar nan da Malama ta dawo da ita, a cire kifin. A ƙasa a shimfiɗa laushin wake, siriri, kamar yadda yake kwanciya a bahonta. A bar ƙwayar wake biyu a kai. Sama duk ruwa ne, babu komai a ciki. Amma shimfiɗar ƙasan sai da hannunta, don ita ta san kaurin da yake kwanciya. Wato sai ta hau teburin Maigida.

Ranar Lahadi ta ce in kai ta asibiti. Ta hau bayan babur a karkace, tana riƙe da rigata kamar za ta yage ta. Maigida yana kwance, ya rame, idonsa na bin mu. Ta tsaya a ƙafar gado da hannu biyu a gaba.

"Maigida, Malama ta dawo da kaya. Shin-chan yana ƙoƙari. Zan taɓa teburinka."

Ya dube ta tsawon lokaci. Leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito. Sai ya rufe ido ya juya fuska bango.

A kan matakalar asibitin na ce, "Yaya, kamar a'a yake nufi."

"Ka ji ya ce a'a?"

"Ai ba ya iya magana."

"To bai hana ba. Tada babur."

Kwana shida suna gwadawa, ita da Shinsuke, bayan an rufe shago da yamma, a kan wani benci a baya, don ta ce ba za ta hau tebur da gwaji ba. Na farko ya fito kamar ruwan kwata. Idan kanten ya yi zafi sai ya tayar da laushin, idan ya huce da yawa sai sama da ƙasa su ƙi kama juna, ka ɗaga su rabu. A nan hannun Shinsuke ya yi rana. Yakan ɗora bayan yatsa a jikin tukunya ya ce yanzu, ya zuba ta bayan cokali a hankali. Sun yi faɗa a kan sukari, sun yi faɗa a kan wake biyu ko uku. Duk wanda ya lalace ni ake ba. A makon nan na ci alawar da ta ishe ni har ƙarshen rayuwata. Na goma sha ɗaya ya fito daidai. Ka ɗaga shi ga haske sai ka ji kamar ka tsoma yatsa.

Ruwan rijiya kuwa ya ƙi. Sha tara, ashirin, ashirin da ɗaya. Kowace safiya Shinsuke yakan leƙo ta labule, ta girgiza kai. Dare ba ya hucewa, mutane na kwana da taga a buɗe suna juyi. Ranar ashirin da biyu ya haɗa wata alawa ta tsira da mutunci, ya sa mata suna Ragowar Zafi. Babu kuskure a cikinta, babu kuma abin da zai hana Malama ƙetare gada. Ya ce da Fusae, murya ƙasa-ƙasa, ko za ta bari shi ya rubuta sunan nata da hannunsa, ita babu ruwanta.

Ta ce, "Rubuta mana. Wakena dai ba zai shiga ciki ba."

A raina na ga laifinta. Mutum uku da shago guda a gefe ɗaya, launin ruwan baho a ɗaya gefen. Ban faɗa ba, don tana riƙe da muciya.

Ranar ashirin da uku na fito gari na wayewa. Ba zan ce na ji wani sauyi ba. Abin da na sani kawai, na ƙetare gada na iso shago ban goge wuyana ba. Na shiga ta baya na tarar da ita tsaye a kan babban baho, hannu a baya. Shinsuke yana can gaba yana goge tebur. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, da muryar da ta saba, ba tare da ta ɗago ba:

"Maigida, ruwa ya kwanta."

Ina jin a sannan ta tuna cewa wanda take gaya wa yana asibiti. Daga bayan labule Shinsuke ya yi gyaran murya ya ce, "To." Can kuma ya ce, "Kado-san, gilashi."

Kafin in hau na leƙa bahon. Ana ganin jijiyar katako har ƙasa, laushin wake a kwance sumul. Na tsoma hannu, ruwa na ji.

Washegari tun kafin rana ta fito ta wanke hannu har gwiwa, ta sa sabuwar rigar aiki, ta ɗaga labule ta tsaya a gaban teburin Maigida. Teburin ya yi mata tsawo. Na kawo mata akwatin katako ta taka. Ta shimfiɗa laushin, Shinsuke ya zuba, suka jira ya daskare, ya yanka shida. Sai ya niƙa tawada, ya tsoma alkalamin gashi, ya miƙa mata.

"Kai ka rubuta. Rubutuna kamar kaza ta yi tono."

"Ba ni na ga ruwan ba, Inna."

Ta riƙe alkalamin kamar muciya. Ta rubuta da baƙaƙen da yara ke fara koya, guda huɗu. Uku sun tsaya, na ƙarshen ya zame ya karkace kamar zai faɗo daga takardar. Ta nemi wata takarda, ya ce babu lokaci, ya sa a akwati ya ɗaure.

Ƙarfe biyar da rabi ina ƙofar Malama Aoto. An yayyafa wa duwatsun tsakar gida ruwa. Ta durƙusa ta buɗe akwatin kamar wancan karo. Wannan karon ba ta mayar da murfi ba. Ta ɗauki takardar ta kai kusa da ido.

"Wannan ba hannun Moriwaki ba ne, uban ko ɗan."

"Mai dafa mana wake ce, Malama."

"Yaushe ya kwanta?"

"Jiya da safe."

"Da bai kwanta ba fa?"

"Da wani abu na kawo miki. Ta ce wakenta ba zai shiga ba."

Ta sake duban alawar. Ta ce in zauna a kicin in jira akwatin.

Na zauna a kan dakali a kicin ɗin, ƙofar takarda ce kawai tsakanina da ɗakin shayi. Na ji shigowar baƙi, na ji gaisuwa, na ji motsin kwanoni na tsawon lokaci har ƙafata ta yi tsami. Sai aka kai alawar. Wani dattijo, babban baƙon, ya tambayi sunanta kamar yadda aka saba. Malama ta faɗa. A waje ƙwaron nan mai kukan sauri da ke zuwa a ƙarshen bazara ya fara, ya tsaya.

Wata mata ta ce, "Ni fa na yi ta neman kifi a ciki."

Malama ta ce, "Ya tafi da bazara."

Suka yi dariya a hankali. Dattijon ya ce tunda ya cinye tasa yake jin wuyan rigarsa ya saki. Kwanonin suka dawo kicin babu ko ɗigo. Malama ba ta ce mini komai ba, wata ɗalibarta ce ta miƙo mini akwatin. Na koma shago ban san hukunci ba. Shinsuke ya tambaye ni sau uku, sau uku na ce sun cinye.

Wajen ƙarfe goma tasi ta tsaya a ƙofa. Malama Aoto ta fito cikin kimono, doguwar rigar gargajiya. A shekara talatin ba ta taɓa tako shagonmu ba, aika ake yi mata. Shinsuke ya fito yana sunkuyawa, ta amsa da kai ta wuce shi, ta wuce teburin, ta ɗaga labule da hannunta ta shiga baya, inda ƙasa ke jiƙe tururi na tashi. Fusae tana kan tukunya da muciya.

"Ke ce Notsu-san?"

"Ni ce. Malama, ki ja baya, za ki jiƙa safarki."

Ba ta ja ba. Ta haɗa hannu ta sunkuya mata, sunkuyawa mai zurfi, ta daɗe a haka. Fusae ta rasa inda za ta ajiye muciya, ta sunkuya da ita a hannu, wake na ɗiga.

Malama ta ce, "Shekara talatin ina yabon hancin Moriwaki."

"Hancinsa lafiya lau ne, Malama. Kunnensa ne dai ya fi."

Wannan karon Malama ta yi dariya. Ta ce, "Na Satumba fa?"

"Satumba ba ta zo ba."

"To idan ta zo ina jira." Ta juya ga Shinsuke da ke tsaye a bakin labule. "Zubin naka ne?"

"Nawa ne, Malama."

"Babu kumfa ko ɗaya. Ka gaishe mini da mahaifinka. Katin badi kuma ka dubi kalanda."

Kafin yamma waya ta fara kuka. Ɗaliban Malama ɗaya bayan ɗaya, kowa na son irin wadda aka ci a shayin safe. Na yi ta zirga-zirga har babur ya yi zafi. Kwana goma muna yin ta, a rana ta goma sha ɗaya Fusae ta ce ta isa, lokacinta ya wuce. Shinsuke ya ce akwai masu jira. Ta ce su jira badi. Suka jira.

Ɗaya daga na farkon mun kai wa Maigida asibiti, tare da wata takarda da ta sake rubutawa. Ya ci da hannun hagu, a hankali, har ya gama. Ya ɗauki takardar ya duba. Sai ya ɗora yatsa a kan baƙin ƙarshe, wanda a wannan karon ma ya karkace, ya buga sau biyu, wani sauti ya fito daga maƙoshinsa.

Ta ce, "Na sani, Maigida. Shekara arba'in ba ka koya mini ba."

Kafaɗarsa mai lafiya ta yi ta girgiza. Ma'aikaciyar jinya ta shigo da sauri ta ɗauka wani abu ne ya same shi. Dariya yake yi.

Ya rayu shekara biyu bayan haka, kuma duk sanda aka turo shi a keken marasa lafiya zuwa shago allon na nan a saman ƙofa. Fusae ta ƙara shekara goma sha biyu. Shinsuke ya so ta koma gaba gaba ɗaya, ta ƙi, ta ce wa zai ba wakenta. Amma akwatin katakon da take takawa ya zauna a ƙarƙashin tebur, ba a sake ɗauke shi ba, kuma babu sunan da ya fita daga shagon ba tare da an ɗaga labule an tambaye ta ba. Wasu sunayen nata Shinsuke yakan same su a littafi. Wasu ba sa ciki, masu shayi sukan ce sun fi so. Rubutunta bai taɓa gyaruwa ba. Akwai masu adana takardun.

Da gwiwoyinta suka gaza ta koma wurin 'yarta a Hiroshima. Ranar da za ta tafi ba ta yi jawabi ba. Ta nuna wa Shinsuke wane baho ke yoyo, ta ce mini in daina jan buhu a ƙasa, ta shiga mota.

Yanzu shi da kansa ke sunkuyawa a kan baho idan Agusta ta yi nisa, gashinsa ya yi fari kamar na ubansa. Bara sai ranar ashirin da shida ya faɗa. Na tsoma hannu kamar kullum, ruwa na ji, mai ɗan sanyi. Na goge hannun a wando, na ɗauki akwatin kwanonin gilashi na hau da shi sama, matakala goma sha huɗu, gwiwata na ƙara a kan kowace ɗaya.